Zaman Magidanta: Abin Da Muka Gani A Cikinsa

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na Samaru Kataf ya gabatar a taron ƙungiya na bayan Babbar Sallah. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  

Ranar da sakatare ya same mu a shago ya ce mu ne za mu yi jawabi a wannan taro, sai da muka tambaye shi ko ɓatan kai ya yi. Mu ba malamai ba ne, ba kuma 'yan boko ba. Iyakar karatunmu allo da Islamiyya, daga nan aka miƙa mana mudu aka ce ga kasuwa nan. Sai ya ce ai ba wa'azi ake so ba, labari ake so na zaman nan da muke yi, mu goma sha ɗaya, wanda wasu ke kira majalisar tsofaffi, wasu kuma don tsokana suke kira adashen kuka. To muka ce in dai wannan ne za mu iya, domin abin da ido ya gani baki ba ya shan wahalar faɗa. Abu ɗaya kawai, ba za ku ji sunan kowa ba. Duk wanda muka ba da labarinsa a nan sai da muka nemi izininsa, ya kuma ce a faɗa ko Allah Zai sa wani ya amfana.

Bari mu fara da tambaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. Yaushe rabon da wani a cikinmu ya zauna da ɗan'uwansa namiji ya ce masa, wane, ɗana ya fi ƙarfina? Ai majalisu muna da su, ba mu rasa ba. Akwai ta bakin masallaci, akwai ta teburin mai shayi, akwai ta tasha. A can za ka ji farashin masara, ka ji wanda zai ci zaɓe, ka ji abin da ake ciki a Abuja har da Amurka. Amma mutumin da yake ta ɗaga murya a kan siyasa, wataƙila kwana uku bai runtsa ba saboda abin da ya tsinta a aljihun ɗansa, kuma haka zai tashi ya tafi bai ce uffan ba. An raine mu a kan cewa namiji ba ya kuka, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne. Sai dai shi ma ciki yana da iyakar abin da yake ɗauka, kuma mun sha binne mutanen da aka ce hawan jini ne, alhali mun san akwai abin da ya hawar da jinin.

Iyayenmu mata, ku kun fi mu dabara a nan. Kuna da adashe, kuna da biki da suna, kuna da Islamiyyar matan aure, kuma in ɗayarku ta shiga damuwa kafin magariba ta sami wadda ta gaya wa. Maƙwabtanmu Kiristoci su ma suna da zumuntar mata da zumuntar maza a majami'unsu. Mu ne dai magidanta muka zama kowa tasa ta fisshe shi.

A da ba haka abin yake ba, kuma ba don iyayenmu sun fi mu surutu ba ne. Gidan gandu ne ya rufa musu asiri. Yaro yana tashi ga baffa, ga kawu, ga kaka a zaure, ga maƙwabci wanda zai iya zane shi ya kawo shi gida a ƙara masa. Uba kuma da yawa akwai kunyar ɗan fari a tsakaninsu, ko sunansa ba ya faɗa, to baffa shi ne mai yi masa magana, shi ne zai ji ya fara neman aure, shi ne zai ja masa kunne. Aikin tarbiyya a rabe yake a hannun maza biyar ko shida. To yau ina baffan? Kun san abin da ya faru a Zangon Kataf a watan Fabrairu da watan Mayu na 1992, kun san abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu na 2011 a Zonkwa da Kafanchan da garuruwan da ke kewaye. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Wasu sun yi zaman sansanin alhazai na Mando a Kaduna, daga can ba su dawo ba. Wasu suna Zariya, wasu Saminaka. Gida ɗaya ya rabu uku ko huɗu. Mu da muka saura sai muka riƙe kunyar, amma baffan da ke cike gurbin kunyar babu shi. Uba yana jin nauyin ɗansa, ɗa yana tsoron ubansa, wayar hannu kuma ba ta jin nauyin kowa, ita ce ke hira da yaron har ƙarfe biyun dare.

Yadda zaman namu ya samo asali, a shekarar 2020 ne. Za ku tuna an kulle mu a gida saboda cutar korona, ba a gama fita daga wannan ba kuma aka sa dokar hana fita dare da rana a wannan yanki saboda rikici. Mutumin da ya saba fita tun asuba ba ya dawowa sai bayan isha'i, sai ga shi a tsakar gida da 'ya'yansa mako da makonni. Wallahi jama'a a nan muka gane cewa baƙi ne mu a gidajenmu. Mu da kanmu mun tambayi wata 'yarmu aji nawa take, ta dube mu ta dubi uwarta, sai uwar ta yi dariya. Ba mu ji daɗin dariyar nan ba. Da aka sassauta doka muka haɗu da wani aminimmu bayan sallar la'asar, muka ba shi wannan labari da sigar raha. Shi bai yi dariya ba. Sai ya ce, Alhaji, kai aji ka manta, ni kuwa a kullen nan na gane ɗana yana shan ƙwaya, kuma uwarsa ta sani shekara biyu tana tsoron gaya mini. Muka zauna a kan dakali har aka kira magariba. Mako na gaba muka zama mu huɗu.

Ana cikin haka wani ɗan'uwanmu mai fatauci zuwa Nijar ya ba mu labarin abin da ya gani a can. A jihar Damagaram, tun shekarar 2008, hukuma tare da asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a suka kafa abin da ake kira makarantar mazaje. Ba makaranta ba ce mai allo da malami. Magidanta ne na ƙauye ɗaya, ba su wuce goma sha biyu, suke zama kamar sau biyu a wata, babu shugaba babu na ƙasa, suna tattauna lafiyar iyali, musamman awon ciki da haihuwa a asibiti, sa'an nan su fita su yi wa sauran maza magana. Abin ya karɓu har ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, wasu ƙasashen ma suka kwaikwaya. Mu ba mu da hukuma a bayanmu, ba mu da asusun kowa, matsalarmu kuma ta fi ta awon ciki faɗi. Amma mun ɗauki abu biyu daga wurinsu, wato kada a yi yawa, kuma kada a naɗa sarki. Da zarar an ce ga shugaba ga ma'aji ga mai binciken kuɗi, to an koma ƙungiya, kowa zai gyara zaman hularsa ya fara jawabi irin wanda muke yi yanzu.

Mu koma kan aminin nan namu da ɗansa, don shi ne ya fara nuna mana amfanin abin. Shawarar farko da ya zo da ita, zai kore shi daga gida ya kuma yi masa baki. Da a majalisar shayi ce, da an ce ƙwarai, haka ake yi. To a cikinmu akwai wani dattijo wanda ba mu taɓa sanin ya bi ta wannan hanya ba. Ya yi shiru can, sai ya ce, ni na kori nawa, shekara shida ke nan ban san inda yake ba, kullum na ji an ce an tsinci gawa sai gabana ya faɗi, kada ka yi abin da na yi. Jama'a, da Liman ne ya faɗi wannan magana, aminin nan zai ce Malam bai san zafin abin ba. Da likita ne, zai ce aikinsa yake yi. Amma wanda ya ƙone da irin wutarka in ya ce maka akwai zafi, ba ka musu. Shi wannan dattijo shi ya gaya masa cewa abin ya zama ciwo, duka ba ya fitar da shi, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, Kaduna, inda ake duba masu shaye-shaye. Mutum biyu suka raka shi, aka haɗa kuɗin mota. Ba mu ce yaron ya warke rana ɗaya ba, ya koma sau ɗaya, aka sake tashi tsaye. Yau yana gyaran babur, yana da aure, kuma shi ke kawo wa uban cefane ran Juma'a.

Tun da muka taɓo maganar ƙwaya, kada wani ya ce ai an hana. Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018, amma wanda ke yawo a tasha ya san tiramadol da 'yan'uwansa ba su ƙare ba. Kuma 'ya'yan masu sallah a sahun gaba ba su tsira ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abu na biyu da ya gwada mu shi ne shekarar 2023, wadda ɗan kasuwar wannan yanki ba zai manta da ita ba. Farkonta canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500. Damina kuma ta zo da cutar da ta ruɓar da citta a gonaki, daga Kaciya har Jaba har nan wajenmu. Ku da ke harkar citta kun san yadda ake yi, ɗan kasuwa ya karɓo kuɗi daga manyan dillalai, ya raba wa manoma tun shuka, da kaka a biya shi da kaya. To kaya sun ruɓe a ƙasa. Manomi ba shi da laifi, dillali kuma kuɗinsa yake so. Ɗaya daga cikinmu ya shiga tsakiya. Muka lura ya daina zuwa zama, ya daina jam'i a masallacin unguwa. Ashe da sassafe yake hawa mota ya tafi Kafanchan ya wuni a tasha ba ya sayen komai ba ya sayar da komai, don kada masu bashi su same shi a gida. In ya dawo da dare kuma ko cokali ya faɗi sai faɗa. Yaran suka koma gudunsa, uwargida har ta fara haɗa kayanta.

Da babu zaman nan, mu ma sai dai mu ce wane ya canza hali, mu wuce. To da yake akwai alkawari a tsakaninmu cewa wanda ya yi fashi sau biyu za a bi sawunsa, sai mutum uku suka same shi. Da ƙyar ya buɗe baki. Aka ce ya kawo littafinsa, aka zauna da biro aka yi lissafi, abin da shi kansa ya yi wata huɗu yana tsoron yi. Da aka tara, bashin yana da yawa, amma bai kai rabin dutsen da ya ɗora wa zuciyarsa ba. Dattawa biyu suka raka shi wurin mai kuɗin, aka yi magana ta mutunci, aka raba biyan kashi-kashi. Mu ba mu biya masa ko kwabo ba, don ba mu da shi, dukanmu shekarar ta taɓa mu. Buhun masara ɗaya kawai aka kai gidansa da dare ba tare da yara sun san daga ina ya fito ba. Daga baya shi ya ce mana, abin da ya fi buhun nan a wurinsa shi ne ranar da ya tara iyalinsa ya gaya musu gaskiyar halin da yake ciki, bisa shawarar zama. Ya ce babban ɗansa ya ce, Baba, ai da ka gaya mana tuntuni, mu mun zaci wani laifi muka yi maka.

Ƙananan abubuwa kuwa ba su ƙirguwa. Wanda bai san yadda ake yi wa yaro rajistar JAMB ba ya sami wanda ya sani. Wanda ke shirin cire 'yarsa daga sakandare saboda kuɗin NECO, aka ce dakata, aka yi karo-karo, yau tana Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Mun kai yara ziyara sashen koyon aikin gona na Kwalejin Nuhu Bamalli da ke nan garin, wanda muke wucewa kullum ba mu taɓa tunanin namu za su iya shiga ba. Akwai tsohon ma'aikacin lafiya a cikinmu, yana zuwa da abin awon jini, kuma mutum huɗu a nan suka fara sanin jininsu ya hau.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace nauyi, kuma muna roƙon a saurare mu da kunnen basira. Mu da muke da shekara hamsin da 'yan kai, muna samari aka yi 1992. Mun ga abin da ba ma son 'ya'yanmu su gani. Kowannenmu akwai abin da yake ɗauke da shi, wani ubansa, wani ƙaninsa, wani shagon da ya tara shekara goma. Tambayar ita ce, me muke gaya wa yaran? A zaman nan muka gane cewa kashi biyu muke. Akwai wanda bai taɓa cewa komai ba, ɗansa sai a waya yake ji, daga bakin mutanen da ba su taɓa taka ƙasar nan ba, suna Legas ko Ingila suna zuga. Akwai kuma wanda kullum sai ya faɗa, amma ɓangare ɗaya yake faɗa, har yaron da aka haifa a 2005 yana jin zafin abin fiye da wanda aka yi a gabansa.

Wata rana ɗaya daga cikinmu ya ba da labarin da ya ce ko matarsa bai taɓa ba. A wancan tashin hankali, wani maƙwabcinsu Bakatafe, wato mutumin Atyap, shi ya ɓoye mahaifiyarsa da ƙannensa a rumbu kwana biyu, yana kai musu ruwa da dare, alhali shi ma ransa yake sayarwa. Muka ce masa, 'ya'yanka sun san wannan? Ya ce a'a. Muka ce, sun san waɗanda aka kashe muku? Ya ce sun sani sarai, har sunayensu. Shi da kansa ya yi shiru, mu ma muka yi shiru, domin kusan kowa a wurin yana da irin wannan rabin labari da ya danne. Ba mu ce a ɓoye wa yara abin da ya faru ba, ba mu kuma ce a manta da mamatanmu ba. Su ma maƙwabtan suna da nasu mamatan da suke kuka a kai. Abin da muka yi alkawari shi ne, in za mu faɗa, mu faɗa duka. Mutumin nan ya ɗauki 'ya'yansa maza biyu ya kai su gaida iyalan wancan tsoho, don shi tsohon ya rasu. Ya ce a hanyar dawowa babu wanda ya yi magana a cikin motar, sai da suka iso shataletale ƙaramin ya ce, Baba, jikan tsohon nan ajinmu ɗaya.

Manya suna nasu ƙoƙari. A watan Maris na 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. A watan Agusta na 2020 Mai Martaba Agwatyap, Dominic Gambo Yahaya, ya tara Atyap da Fulani da Hausawa aka yi taron sulhu. Mun yaba, Allah Ya saka. Amma takarda ba ta san inda ɗanka yake da ƙarfe goman dare ba, kai ne za ka sani. Saboda haka muka ɗaura wa kanmu cewa duk daren da jita-jita ta tashi, kowane uba ya ƙirga 'ya'yansa maza da idonsa, ya karɓi mukullin babur, sa'an nan mu kira juna. Wanda ke da abokin ciniki ko abokin makaranta a cikin maƙwabta ya kira shi ya ji gaskiyar magana kafin a yaɗa. Sau biyu muna yin haka, sau biyun kuma labarin da ya iso mana ya ninka abin da ya faru. Uba ɗaya in ya hana ɗansa fita, yaron zai ce Baba matsoraci ne, 'ya'yan wane duk sun fita. To in ya leƙa ya ga 'ya'yan wanen su ma suna zaune a zaure, sai ya koma ya kwanta.

Kada mu yi muku daɗin baki, abin yana da nasa ciwo. A shekararmu ta biyu wata magana ta fita. Wani ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya wa ƙawarta, kafin mako ya zagayo an ji ta a gidan biki. Mai maganar ya yi fushi ya bar mu, kuma yana da gaskiya. Har yau muna gaisawa, amma bai dawo ba. Wata uku ana zama babu mai faɗin abin da ya wuce gaisuwa, kamar za a watse. Sai da wanda ya yi kuskuren ya tashi a gaban kowa ya amsa laifinsa ya nemi gafara, aka sake ɗaura amana, cewa abin da aka faɗa a tabarmar nan ko a kan matashi ba a maimaita shi. Iyayenmu mata ku yi haƙuri, ba raini ba ne, laifin ma na namijin ne da ya kai. Haka kuma mun hana kawo sirrin shimfiɗa, mun hana zagin matar da ba ta nan balle ta kare kanta. In mutum ya zo da ƙarar iyalinsa, tambayar farko da ake yi masa ita ce, kai me ka yi? Wasu ba sa son wannan tambaya, mu ma ranar da aka yi mana ita ba mu ji daɗi ba.

Akwai masu cewa wannan tonon asiri ne, Musulmi Allah yake kai wa kuka. Mun kai wannan magana gaban Liman, ga shi nan zaune, in mun yi kuskure ya gyara. Ya ce mana kai kuka ga Allah wajibi ne, neman shawara kuma umarni ne, ɗaya ba ya kore ɗaya. Ya tuna mana cewa a cikin Alƙur'ani akwai sura guda mai sunan Lukman, inda aka kawo yadda uba ya zaunar da ɗansa yana yi masa nasiha da lafazi mai taushi. Da yawanmu mun haddace ta tun muna Islamiyya, amma sai ka tarar mutum bai taɓa zaunar da nasa ɗan minti goma ba in ba faɗa zai yi ba. Kuma mun san iyakarmu. Mu ba likitoci ba ne, ba alƙalai ba, ba malaman fatawa ba. Abin da ya shafi saki ko gado, wurin Malam ake turawa. Abin da ya shafi ciwo, asibiti. Namu shi ne mu ji, mu raka, mu kuma sake tambaya bayan mako biyu, wane, ina aka kwana?

To 'yan'uwa, wasu sun riga sun same mu suna so su shigo. Ku yi haƙuri, tabarmarmu ta cika, in muka wuce haka masu kunya za su koma yin shiru. Abin da muke roƙo, kowane masallacin unguwa a sami mutum shida ko takwas su fara nasu. Kada ku tara attajirai zalla ko tsofaffi zalla, ku sa mai ɗan fari a goye kusa da mai jikoki, domin mu ma wani matashi ne ya koya mana yadda ake duba abin da yaro ke kallo a waya. Kada ku haɗa mutum da surukinsa ko da wanda yake binsa bashi, ba zai iya magana ba. Ba a buƙatar kuɗin rajista, shayi ma karɓa-karɓa ne. Mu muna zama sau biyu a wata, bayan la'asar zuwa magariba, a zauren wanda layi ya zo kansa, wayoyi kuma a cikin hula ake tara su. Duk waɗanda suka shirya su ba sakatare sunayensu bayan an tashi, biyu daga cikinmu za su zo su zauna da ku zaman farko da na biyu, daga nan su janye.

Kafin mu sauka, dattijon nan da muka ce ya kori ɗansa ya roƙe mu abu ɗaya. Yanzu shekara ta haura goma ba labari. Labari na ƙarshe da aka samu, an ga yaron a wajen Fatakwal yana dako. Direbobinmu da masu kai kaya Kudu, wanda yake da hanya ya same mu a keɓe mu ba shi kwatance da hoto. Uban ya ce a gaya masa ya dawo, ba za a tambaye shi komai ba. Liman, in an zo addu'ar rufe taro muna roƙo a sa da shi.